Matsakaiciyar Motar Hannu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Matsalolin Inji da na Wuta

Motocin da ake nufi a nan su ne irin su Toyota Camry, Honda Accord, Nissan Altima, Hyundai Sonata, Mazda 6, Volkswagen Passat da Peugeot 508: masu ƙofa huɗu, akasarinsu tayoyin gaba ke jan su, inji mai fulogi huɗu, galibi na lita 2.0 zuwa 2.5, ko V6 mai fulogi shida. Sunayen sun bambanta, amma idan suka tsufa ciwonsu kusan iri ɗaya ne, kuma mafi yawansa ana iya gano shi da gwaji kafin a kwance ko da noti ɗaya.

Me zan fara dubawa kafin in biya kuɗin mota?

Ka roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin ka iso. Injin da ya kwana bai yi aiki ba ya fi faɗin gaskiya. Ƙarar sarƙar taimin, hayaƙin farko, jinkirin tashi, duk a daƙiƙun farko ake jin su, da zarar inji ya ɗau zafi sai su ɓuya. Idan ka taɓa bonet ka ji da ɗumi, ka tambayi dalili.

Kafin a murza makulli, buɗe murfin baƙin mai ka leƙa ƙarƙashinsa. Idan ka ga baƙin datti ya daskare, an daɗe ana jinkirta juyen mai. Idan ka ga wani abu mai kauri ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, akwai yiwuwar ruwa na shiga cikin mai. Duba ruwan lagireto, inji a sanye: ya kamata ya zama mai launi kuma tsaf, ba ruwan tsatsa ba, ba kuma mai maiƙo a sama ba. Sunkuya ka duba ƙarƙashin motar da inda take ajiye.

Sai ka murza makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka tayar tukuna. Fitilar inji, ta batir, ta mai, ta ABS (na'urar da ke hana tayoyi kullewa a birkin gaggawa) da ta jakar iska dole dukansu su kama, sannan su mutu bayan motar ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ko dai ta ƙone ko an kashe ta da gangan don a ɓoye matsala. Wannan gwajin minti ɗaya ne, amma masu saye da yawa ba sa yin sa.

Daga nan a hau titi, aƙalla minti ashirin, a bi inda ake gudu da inda ake tafiyar hawainiya, rediyo a kashe. Kuma ka zo da bakanikenka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba.

Zan iya yarda da abin da mitar tafiya ta nuna?

Ba ita kaɗai ba. Ana juya mita, har da ta lantarki. Ka kwatanta lambar da yadda sitiyari, robar birki da kujerar direba suka goge. Ka kuma lura ko mil take ƙirgawa ko kilomita, domin motar da aka ƙera don kasuwar Amurka mil take nunawa, kuma mil 100,000 ya kai kusan kilomita 160,000. Lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba ita ce ake binciken tarihin mota da ita. A ganina motar da ta yi doguwar tafiya ana yi mata juyen mai a kan lokaci ta fi wadda mitarta ke ƙasa amma ba wanda ya san yadda aka riƙe ta.

Baƙin mai yana raguwa amma ban ga yoyo a ƙasa ba. Ina yake zuwa?

Inji ne ke ƙone shi. Hanyoyinsa uku ne. Ta farko ringin fistin: idan ya goge, ko datti ya liƙe shi a ramukansa, ba ya share man da ke jikin silinda, sai man ya haura ya ƙone tare da fetur. Ta biyu robobin bawul da suka bushe, waɗanda alamarsu ita ce hayaƙi shuɗi da safe ko bayan an daɗe a tsaye inji na aiki. Ta uku wani ƙaramin bawul ne mai suna PCV da ke fitar da tururi daga cikin inji. Shi ne mafi sauƙin canzawa, don haka da shi ake farawa, ba da sauke inji ba.

Wasu injinan sun yi suna a wannan. Camry mai inji 2AZ-FE na lita 2.4, musamman ƙirar 2007 zuwa 2009, an san ta da shan mai saboda yadda aka ƙera fistin da ringinsa, har kamfanin ya tsawaita garantin gyaran. Sonata ƙirar 2011 da 2012 kuwa, a 2015 an yi kiranyenta a Amurka, wato kamfanin ya nemi a mayar da motocin don a duba a gyara, domin ɓurɓushin ƙarfe da ya saura a hanyoyin mai tun daga masana'anta yana cinye boris ɗin inji har ya buga. Wanda zai sayi ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko an yi aikin.

Ka auna da kanka. Cika mai zuwa alamar sama, motar a wuri mai daidai, rubuta lambar mita, ka duba bayan kilomita 1,000. Idan raguwar kaɗan ce, ana iya rayuwa da ita shekaru, muddin ana dubawa ana ƙarawa. Abin da ke kashe inji shi ne mantuwa. Jar fitilar mai ba ta nufin "ka ƙara mai gobe", tana nufin mai ya daina isa inda ya kamata. Idan ta kama kana tafiya, ka tsaya ka kashe inji nan take.

Masu cewa a zuba mai mai kauri don rage sha, suna rage alamar ne kawai. Injinan zamani suna da ƙananan hanyoyin mai da aka ƙera don mai marar kauri irin 5W-30, 5W-20 ko 0W-20, kuma na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul da mai take aiki. Ka bi abin da aka rubuta a murfi ko a littafin motar.

Launin hayaƙin salansa yana nuna wani abu?

Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi fetur ne ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, sai a duba filtar iska, injekta da sensa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwan lagireto ne ke shiga silinda, galibi ta gaskit. Ɗan farin tururi da sanyin safiya ba komai ba ne.

Motata tana zafi. An ce in cire tamostat. In cire?

Kada ka cire. Wannan shawara ta yaɗu sosai, kuma ta lalata injina da yawa a hankali. An ƙera inji ya yi aiki a zafin da ya kai kusan digiri 90 a ma'aunin Selsiyos. Tamostat yana riƙe ruwa har inji ya kai wannan zafin, sannan ya buɗe. Idan babu shi, inji na daɗewa a sanye, kwamfutar mota ta ci gaba da ba da fetur da yawa kamar yanzu aka tayar, shan fetur ya ƙaru, feturin da bai ƙone ba ya wanke man jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Idan tamostat ne ya maƙale a rufe, sabo ake sa wa. Haka nan haɗa fanka kai tsaye don ta yi ta juyawa ba tsayawa, rufe matsala ne, kuma yana gajiyar da fankar da altaneto.

Lokacin da zafin ke zuwa shi ke nuna inda za a duba. Idan a cunkoso take zafi amma tana sauka da an kama gudu, fanka ce, ko rilenta, ko sensar da ke tayar da ita. Idan a gudu ko hawan tudu take zafi, lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji. Idan ruwa na raguwa ba a ga inda yake bi ba, a duba tiyo, da kan lagireto na roba wanda ke tsagewa da tsufa, da murfin lagireto. Murfin nan ƙarami ne amma shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa har sai ya wuce digiri 120.

Ruwan famfo zalla yana kawo tsatsa da gishiri a cikin hanyoyin inji. Ruwan sanyaya inji na gaskiya ake sawa, irin wanda aka tsara wa motar. Idan allurar zafi ta kai ja, a tsaya. Kan silinda na yawancin motocin nan alminiyam ne, zafi sau ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi, gaskit ya ƙone. Kuma kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan yana fitowa da ƙarfin da zai saɓule fata.

Fitilar inji ta kama amma motar na tafiya lafiya. In ƙyale ta?

Idan ta tsaya cak ba ta ƙiftawa, za ka iya isa inda za ka, amma a duba ta cikin 'yan kwanaki. Idan tana ƙiftawa, wani silinda ba ya ƙona fetur, ɗanyen fetur na zuba cikin salansa yana narkar da katalis, wato na'urar da ke tace hayaƙi. A nan ba a jira.

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da motocin fetur na Tarayyar Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiran tsarin OBD-II. Ana jona na'ura ta karanto lambar matsala. P0300 na nufin silinda na tsallake wuta, P0301 zuwa P0304 suna faɗin wane silinda ne. P0171 iska ta fi fetur yawa. P0420 katalis ba ya aikinsa yadda ya kamata.

Inda ake asarar kuɗi shi ne a ɗauka lambar ta faɗi kayan da za a saya. Lambar tana faɗin inda kwamfuta ta ga abu bai yi daidai ba, ba ta faɗin dalili. P0171 na iya zuwa daga tsagaggen tiyon iska, ko dattin sensar iska, ko famfon fetur da ya yi rauni. Wanda ya ga sunan sensa a allo ya ruga ya sayi sensa, sau da yawa fitilar na dawowa bayan kwana biyu. Goge lambar ma ba gyara ba ne. Mai saye ya lura da wannan: na'urar tana nuna ko motar ta kammala gwaje-gwajen kanta. Idan yawancinsu ba su kammala ba, an goge lambobi ko an cire batir kwanan nan.

Tana karkarwa idan na tsaya, tana kuma shaƙewa idan na taka totur.

Fara da fulogi da kwail. A yawancin motocin nan kowane fulogi da kwail ɗinsa, don haka gwajin ba wuya: a sauya kwail ɗin silindar da ake zargi da na maƙwabcinsa, idan matsalar ta bi shi to shi ne. Idan an ciro fulogi an ga ramin cike da mai, gaskit ɗin murfin inji ne ke yoyo, kuma zai kashe sabon kwail ɗin ma idan ba a gyara ba. Bayan su sai dattin maƙogwaron totur, filtar iska da injekta. Idan inji na tafiya sumul amma jikin motar ke rawa, musamman idan giya na D ka taka birki, robobin da inji ke zaune a kansu ne suka mutu.

Giyar otomatik tana fizga, ko tana jinkiri kafin ta shiga. Ta mutu ke nan?

Ba lallai ba. A fara da man giya: yawansa, launinsa, warinsa. Mai lafiya ja ne ko ja mai duhu. Wanda ya koma baƙi yana warin ƙuna yana nuna faifan kulocin ciki sun fara cinyewa. Sau da yawa fizga na zuwa ne daga solinoyid, ko sensar gudu, ko ma injin da ke tsallake wuta, a ɗora wa giya laifi. Alamar da ta fi muni ita ce zamewa: ka taka totur inji ya yi ihu, motar ba ta ƙara gudu ba.

Kowace giya da irin man da take sha. Honda da nata, Toyota da nata, kuma giyar CVT ba ta shan man giyar otomatik ta gargajiya ko kaɗan. Ita CVT ba ta da haƙoran giya masu hawa-hawa, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fule biyu. Altima ta koma amfani da ita daga ƙirar 2007, kuma ƙorafi ya yi yawa har Nissan ta tsawaita garantin CVT na motocin 2003 zuwa 2010 a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Zafi ne babban abokin gabarta. Idan tana kuka mai tsini ko tana rage ƙarfi bayan doguwar tafiya, ta fara gajiya. Accord V6 ta farkon shekarun 2000 ma an san giyarta da rauni.

Game da maganar "ba a canza man giya har abada", ni ban yarda da ita ba ga motar da ta haura shekara goma. A zubar da wanda zai fita ta ƙasa a mayar da sabo daidai adadinsa, kowane kilomita 50,000 zuwa 60,000. Amma giyar da ba a taɓa canza mata mai ba kuma ta riga ta fara zamewa, sabon mai ba zai dawo da abin da ya goge ba, wanke ta da injin matsi kuma na iya ƙarasa ta.

Bel ɗin taimin ne da motata ko sarƙa?

Ya danganta da injin, ba sunan motar ba. Accord mai fulogi huɗu daga 2003 sarƙa ce, V6 ɗinta bel. Camry mai fulogi huɗu daga 2002 sarƙa, V6 ɗinta ta koma sarƙa a 2007. Bel yana da wa'adi, galibi tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, ko wasu shekaru ko da ba a yi tafiyar ba. A injina da yawa idan ya tsinke fistin na dukan bawul. Ka sayi mota mai bel babu shaidar an canza, to ɗauka ba a canza ba, kuma a haɗa da famfon ruwa tunda hanya ɗaya ce. Sarƙa ba ta da wa'adi, amma dattin mai na miƙar da ita. Ƙarar kacau-kacau da safe ita ce alamar.

Na murza makulli ba ta tashi ba. Batir ne, kik ne, ko altaneto?

Saurari abin da ta yi. Ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilu na dusashewa: batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti. Ƙas sau ɗaya mai ƙarfi, fitilu garau: kik ne, ko wayarsa. Shiru gaba ɗaya: gwada tayar da ita giya na N maimakon P, idan ta tashi makunnin giya ne. Inji na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba: batir da kik ba su da laifi, sai a nemi fetur da wuta, wato famfon fetur, sensar kiranshaf, ko na'urar tsaro da ba ta gane makullin ba. Idan ka murza makulli ka kasa kunne wajen tanki, famfo mai lafiya yana ɗan gurnani na daƙiƙa biyu.

Ƙaramar mitar wuta tana raba gardama. Batir mai cikakken caji, inji a kashe, yana nuna kusan bolt 12.6. Idan ya sauka 12.0 saura kaɗan ya ƙare. Inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. Ƙasa da haka altaneto ba ya caji, sama da 15 kuma yana dafa batir. Sabon batir a motar da altanetonta ya mutu kwana kaɗan zai yi.

Akwai wani tsohon gwaji na cire kan batir inji na aiki don a ga ko altaneto na caji. A motar da ke da kwamfuta wannan ganganci ne, domin wutar na iya tsalle ta ƙona kwamfutar ko altaneton kansa. Batir kan yi shekara uku zuwa biyar, zafi kuma na rage masa kwana fiye da sanyi.

Batir sabo ne, amma idan motar ta kwana biyu sai ya mutu.

Wani abu na shan wuta a ɓoye. Mota a kashe, bayan kwamfutocinta sun yi barci, bai kamata ta ja fiye da kusan miliamf 50 ba. Mai gyaran wuta zai sa mita ya bi fis ɗaya bayan ɗaya har ya ga layin da ke sha. Waɗanda aka fi kamawa su ne abubuwan da aka ƙara daga baya: rediyo, amfilifaya, na'urar bin sawu, ƙararrawar ɓarayi. Sai fitilar but da ba ta mutuwa, rilen da ya maƙale, da diyod ɗin altaneto da ya lalace.

Fis ɗaya yana ta ƙonewa. In sa babba?

A'a. Fis yana ƙonewa ne don waya kada ta ƙone. Idan ka sa na amfiya 30 a gurbin na 10, ko aka naɗa zaren waya a wurin, ka mayar da wayar motar ita ce fis, kuma daga nan gobara ke tashi. Launi na nuna girma: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A nemo inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Wuraren da aka fi samu su ne robar da wayoyi ke bi tsakanin ƙofa da jiki, maƙalar but, da duk inda aka taɓa yanka aka naɗe da salatif.

Idan kuma abubuwa da yawa da ba su da alaƙa suka rikice lokaci ɗaya, sigina na sa fitilar birki ƙiftawa, alluran dashbod na rawa, a duba wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji. Tsatsa a wannan mahaɗa ta sa an canza kwamfutoci masu lafiya ba adadi. Kwamfutar mota ba ta cika mutuwa haka kawai ba, sai ruwa ya shige ta, ko an juya kan batir, ko an yi walda ba a cire batir ba.

Ƙafar motar na ƙara. Ta yaya zan bambance?

Ƙwas-ƙwas idan ka karya kwana sosai kana tafiya: shaf ne, robarsa ta yage giris ya fita. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu yana sauyawa idan ka karkata sitiyari: boris ɗin taya. Ƙwanƙwasa a kan gargada: 'yan sandunan sitabilaiza, bushin, ko boljoyin. Motar na ta lilo bayan ta wuce rami: shokazoba. Sitiyari na rawa a wani gudu na musamman: tayoyi na son balansin. Taya na cinyewa gefe ɗaya: alaimen, amma a gyara abin da ya saki tukuna, in ba haka ba saitin ba zai zauna ba. Cikinsu duka boljoyin da tayarod ne ba a ɗaga musu ƙafa, domin idan suka fita taya na kwanciya ana cikin tafiya.

Taya ma tana tsufa ko zanenta bai goge ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke jikin taya suna faɗin makon da shekarar da aka ƙera ta: 3519 na nufin mako na 35 a 2019.

Birki na rawa, kuma fitilar ABS a kunne take.

Rawa a ƙafa ko a sitiyari lokacin taka birki daga faifan birki ne da fuskarsa ba ta daidaita ba. Ƙara mai tsini na nufin takalmin birki ya kusa ƙarewa, gurzar ƙarfe da ƙarfe na nufin ya ƙare. Birkin da ke nutsewa a hankali idan ka riƙe shi, yoyo ne ko mastar birki, mai tura man birki, ta gaji, kuma ba a hawa titi da shi. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu zuwa uku.

Fitilar ABS galibi sensar taya ce ko wayarta, ba famfon ba. Birki zai kama, amma tayoyi na iya kullewa a birkin gaggawa.

Na'urar sanyaya ta daina sanyi. Gas kawai za a ƙara?

Gas ba ya ƙarewa da kansa, idan ya ragu akwai inda yake fita. A nemo yoyon, a gyara, a zuƙe iskar ciki, sannan a zuba gas da awo, daidai nauyin da aka rubuta a takardar da ke ƙarƙashin bonet. Yawa ma na hana sanyi yana kuma wahalar da kwamfiresa. Tsofaffin motocin nan R134a suke sha, sababbi da yawa R1234yf, ba a gauraya su. Idan iskar ce ba ta fitowa da ƙarfi, duba filtar da ke bayan akwatin dashbod, wadda wasu ba su ma san da ita ba.

Ta yaya zan gane motar da ambaliya ta taɓa ci?

Ɗaga kafet ka taɓa soson ƙasa. Duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, laka a ramin safaya, layin ruwa a cikin fitilu. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai tabo. Warin ruma, ko turaren da ya yi yawa, duk abin lura ne. Irin wannan motar na iya yin wata shida lafiya, sannan soket-soket ɗinta su fara yin kore ɗaya bayan ɗaya, yau gilashi, gobe giya, jibi ta ƙi tashi. Ita kam shawarata a bar ta komai arharta.

Fitilar jakar iska fa?

Idan tana kunne, jakar na iya ƙin buɗewa ranar da ake bukatarta. Sau da yawa soket ɗin ƙarƙashin kujera ne ya saki, ko wayar da ke naɗe cikin sitiyari ta tsinke, wadda idan ita ce oda ma kan daina aiki. A motar da ta taɓa haɗari kuwa, wasu na rufe gurbin jakar da babu komai ciki.

Akwai kuma batun Takata. Jakunkunan wannan kamfani na Japan suna amfani da sinadarin amoniyam naitiret, wanda zafi da danshi ke lalatawa da shekaru, har ya fasa gwangwaninsa ya watsa ƙarafa a fuskar direba. Mutane sun mutu, aka yi kiranye mafi girma a tarihin motoci a Amurka, kamfanin ya durƙushe a 2017. Abin ya shafi Honda, Toyota, Nissan, Mazda da wasu da dama, kuma motar da ta sauya hannu sau uku ko ta tsallaka teku wasiƙar kiranye ba ta isa ga mai ita. Da lambar VIN ake dubawa a shafin kamfanin da ya ƙera motar.

Kayan gyara: sabo ko na hannu?

Abin da ke gogewa da aiki, sabo: takalmin birki, bel, boris, fulogi, filta, tamostat, robobi, famfon ruwa. Abin da ba ya gogewa, na hannu na asali ya wadatar: ƙofa, fitila, madubi, injin ɗaga gilashi. Sensa da kwail su ne masu rikici, domin jabunsu ya cika kasuwa, kuma jabun sensa na iya aiki rabi-rabi ya rikita kwamfuta fiye da wadda ta mutu. A nan na hannu na asali da aka gwada ya fi sabo marar suna. Inji ko giya na hannu kuwa, a tabbatar lambarsu ta dace da ta motar, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, kuma kafin a ɗora inji a canza robobin mai na gaba da baya tun yana ƙasa, lokacin da hannu ke isa gare su.